Sau Biyu Na Sayar da Merkada

Talata, 2 ga Maris 1943, da hantsi

Na ƙwace wannan littafi daga hannun 'yata Merkada, na awon riguna ne, ɗinki kuwa ya tsaya. Shekara uku na yi a makaranta kafin babana ya ce karatun ya ishi mai tallar gwanjo. Ga ranarsa ta zo. Tunda Jamusawa sun rufe mini rumfa, baki ya rasa kasuwa, bari hannu ya yi surutun.

Yau kwana biyar da ɗaura mana tauraro, mu Yahudawa. Rawaya ne, a ƙirji, ɓangaren hagu. Ni Palomba, da na shekara talatin ina juya tsofaffin riguna a kasuwar Salonika, ina shaida yadin banza ne, wanki ɗaya zai zuba. Merkada ta zauna ta ɗinka namu da ƙananan ɗinki kamar na rigar amarya.

Na ce, "Ke, wa zai duba ɗinkin?"

Ta ce, "Ni, Mama."

Haka take. Ubanta ta biyo, marigayi Mushon, ɗan dakon bakin ruwa, wanda ko buhun ɓarawo aka ba shi sai ya ajiye shi a miƙe.

Juma'a, 5 ga Maris, da tsakar rana

Fotini mai kifi ta zo, da sardin shida a ƙunshe cikin jarida. Tun daga ƙofa ta fara.

"'Yar gwanjo, ashe sarauta aka ba ki? Ga lambar girma a ƙirji."

"Ke ma da kina wanka da sun ba ki."

Ta yi dariya, amma ba ta zauna ba. Ta leƙa ta ga Merkada tana can tsakar gida tana shanya, sai ta rage murya.

"Kayana na zo ɗauka."

Bari in rubuta yadda abin yake, ko da ni kaɗai zan karanta. 'Ya'ya uku na binne kafin Merkada, babu wanda ya kai yaye. Da ta huɗu ta kwanta da zazzaɓi tana wata bakwai, na yi abin da iyayenmu suke yi: a sayar da jaririn ga wata mace, a canza masa suna, domin in mala'ikan mutuwa ya zo yana tambayar ɗan wance, a ce masa babu shi a gidan nan, an sayar. Shi ya sa ake kiranta Merkada, wato sayayya. Sauran mata ga dangi suke sayarwa, ko ga maƙwabciya. Ni kuwa na ce mala'ikan nan ya san ƙofar kowane Bayahude a garin nan kamar mai kawo madara, bari in aika shi inda bai taɓa zuwa ba. Na tsallaka layi na miƙa wa Fotini, Bagirkiya, Kirista, wadda ta sauko daga jirgin 'yan gudun hijira ba ta fi wata uku ba, da tata jaririyar a baya. Ta ba ni tsaba guda mai huda. Zazzaɓi ya sauka a kwana na uku. Malaminmu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Al'ada ita ce a fanshi yarinya ranar aurenta. Merkada shekararta ashirin da ɗaya, ba ta yi aure ba, don haka ban fansa ba. Shekara ashirin Fotini tana ihu daga rumfarta, "Ki ciyar mini da kayana da kyau!" ni kuma ina ce mata ta biya kuɗin ajiya. Wasa ne. Yau ba ta yi shi da muryar wasa ba.

'Yarta Katina ta rasu a sanyin bara, lokacin yunwar nan da ake kwasar mutane a amalanke. Fotini ta ce takardar baftismarta tana cikin akwati, ba ta kai wa kowa rahoto ba. Ta ce shekarun Katina da Merkada ɗaya, Girkancin Merkada kuma tas yake, ba irin nawa na kasuwa ba. Ta ce ɗan'uwanta yana da gona a gindin dutse, tafiyar kwana biyu.

Na ce mata bari in yi tunani.

"Tunanin me, Palomba?"

"A kasuwa ba a karɓar tayin farko."

Ta dube ni kamar kifin jiya, ta tafi. Ko jaridar ba ta ɗauka ba.

Lahadi, 7 ga Maris, da safe

Sun rufe unguwar jiya, ranar Asabar, ranar hutunmu, don sun san muna gida. Ba shiga ba fita. Dogarai a kowane bakin layi, waɗansu ma 'ya'yanmu ne, an ba su kulki da hula.

Laraba, 10 ga Maris, da yamma

Shugabannin jama'a sun tara mu a ɗakin ibada. Wai za a mayar da mu wani gari a Poland, Karakof, inda Yahudawa 'yan'uwanmu za su tarbe mu. Kowa zai samu ɗaki da sana'a. Kowa ya ɗauki kaya kilo ashirin, ya nemi takalmin sanyi.

Tiya Oro, maƙwabciyata ta ƙasa, mai wankan gawar mata a unguwarmu shekara arba'in, ta ɗaga hannu ta tambaya ko akwai teku a can. Aka ce babu. Ta ce, "To ina suke samun kifin Asabar?" Mutane suka yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Na dawo gida da sauƙin zuciya, ba zan ɓoye ba. Na ce duk inda ake sanyi ana sayen tsohuwar riga.

Da muna cin abinci na jefa wa Merkada maganar Fotini, a fakaice, kamar yadda ake taɓa yadi ba da niyyar saye ba.

Ta ajiye cokali. "Ke fa?"

"Ni da wannan harshen? In na ce ina kwana da Girkanci, har jaki ya san daga inda na fito."

"To magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, 'yar nan. Ni tsohuwa ce."

"Shi ya sa. Wa zai shafa miki mai a gwiwa a Karakof, Tiya Oro? Inda kika sa ƙafa nan zan sa, Mama. Ci abincinki."

Abin kunya shi ne na ji daɗi. Na rubuta, na ji daɗi.

Litinin, 15 ga Maris, da hantsi

Jirgin ƙasa na farko ya tashi. Mutanen unguwar tasha aka kwasa, talakawan nan da aka kewaye da katako. Waɗanda suka hango daga kan soro sun ce taragon shanu ne. Waɗansu sun ce na fasinja yana jiransu a kan iyaka.

Laraba, 17 ga Maris

Na biyu.

Lahadi, 21 ga Maris, da yamma

Idin Purim yau, ranar da ake aika wa juna alawa a faranti. Tiya Oro ta aiko mana da ƙwaya biyu na gyaɗar turawa a kan farantin da ya fi tire girma. Na mayar mata da ɓawon lemo da na dafa da ɗan sukarin da ya rage. Muka yi ta yabon juna ta taga kamar matan attajirai.

Aure ake ta ɗaurawa, goma, ashirin a yini, wai ma'aurata za su samu ɗaki nasu a can. Wata ta zo nema wa ɗanta Merkada. Na ce mata hajar ba tawa ba ce, ta je ta tambayi mai kifi. Merkada ta yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin yaƙi.

Fotini ba ta zo ba. Ba ta da hanyar zuwa.

Alhamis, 25 ga Maris, da safe

Layin maƙera ya tafi. Layin masu burodi ya tafi. Akwai wata kyanwa da ke zaune a kan matakalar gidan likitan haƙori tana jira.

Ba a karɓar tayin farko. Wa ya koya mini wannan? Babana. Allah ya jiƙansa, riguna yake nufi.

Litinin, 29 ga Maris, da yamma

An kawo mu unguwar tasha. Minti ashirin suka ba mu. Muka bi ta tsakiyar gari a jere, da ƙunshi a ka, mutane a bakin hanya suna kallo. Waɗansu suna kuka, waɗansu suna kallon ƙunshin. Na ga wata sanye da mayafin da na sayar wa matar mai gidanmu bara. Na san shi, ni na toshe hudar asu a gefensa.

Katako ne ya kewaye ko'ina, ya fi mutum biyu tsawo, da waya a sama. Ƙofa uku, ɗaya tana kallon layin dogo. Mu goma sha ɗaya a ɗaki guda. Masu ɗakin na da sun bar tukunya a kan murhu, da wake a ciki, ya yi gashi. Merkada ta wanke ta, ta kife, ta ce ko za su aiko a kai musu.

Talata, 30 ga Maris, da hantsi

Na je na tsaya kusa da ƙofar layin dogo, na kalli lodi. Ban gaya wa Merkada ba.

Ni ba malama ba ce, ba na karanta jaridar siyasa. Abu ɗaya na sani, ciniki. Wanda zai sayi riga don ya sa, sai ya juya ta, ya duba hammata, ya ja ɗinki, ya ɗaga ta a rana. Wanda ya sayi buhu guda a dunƙule bai kwance ba, bai tambayi mene ne a ciki ba, wannan ba sawa zai yi ba.

Ba su tambayi kowa sana'arsa ba. Kafinta, makaho, mai jego, tsohon da aka ɗauko a kan ƙyauren ƙofa, da waɗanda aka kwaso daga gidan masu taɓin hankali, duk tarago ɗaya. Ƙirga kai kawai suke, su ja ƙofa, su sa sakata. Bokiti biyu na gani an shigar.

Na dawo na tarar da Tiya Oro tana auna takalmin sanyinta. Na ce ya yi mata kyau.

Talata, da yamma

Ban iya cin miyar ba. Na ce ciwon haƙori ne.

Laraba, 31 ga Maris, da safe

Bayan wurin wanki akwai inda katako biyu suka rabu, faɗin tafin hannu. Matan Girkawa kan zo nan da burodi su karɓi zanen gado ko cokali. Na aika Merkada layin miya, na je da matashin kai a hammata kamar mai ciniki. Ban san me nake nema ba. Na sani.

Warin kifin Fotini ne ya fara iso ni.

"'Yar gwanjo."

Ido ɗaya kawai nake gani, da rabin hanci. Ta ce kwana uku tana zuwa nan. Na buɗe baki in yi mata baƙar magana, babu ko ɗaya. Shekara talatin ban taɓa rasa ta ba.

Na ce, "Tayin nan yana nan?"

"Ya tashi. Da ta ƙofar gidanki zan fita da ita, yanzu ta ina? Ta wannan tsagar?"

"Ta babbar ƙofa. Da rana, kowa yana gani."

Na faɗa mata yadda za a yi. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "In ta buɗe baki ta ce ke ce uwarta, ni za su harbe."

"Shi ya sa ba za ta buɗe ba."

"Kin gaya mata?"

"A'a."

"Palomba, ke muguwa ce."

"Jibi, ƙarfe tara. Ki zo da muryarki ta kasuwa, kada ki zo da ta coci."

Ta turo mini gutsuren burodi ta tsagar. Na miƙa mata matashin kan, ta ce in riƙe tsiyata.

Laraba, da yamma

Na sake gwadawa ta hanyar kirki, don kada a ce ban gwada ba. Muna zaune a bakin ƙofa tana tsefe mini kai tana neman ƙwarƙwata.

Na ce, "A shari'ar iyayenmu ke ba tawa ba ce, kin sani. Ban fanshe ki ba."

"To ki fanshe ni a Karakof."

"In babu Karakof fa?"

Hannunta ya tsaya a kaina. Ashe ita ma ta je ƙofar layin dogo. Ashe ita ma ciwon haƙorin take yi, ta fi ni iya ɓoyewa.

Ta ce, "In babu, ai sai a fi bukatar wanda zai riƙe miki hannu. Sunkuya, ga wata nan."

Na sunkuya.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da hantsi

An liƙa takarda. Rukuninmu ranar Litinin.

Na yi wa Merkada faɗa a kan gishiri. Na yi mata faɗa a kan yadda ta naɗe bargo. Na ce ɗinkinta ma karkatacce ne, wanda ƙarya ce da ko makaho ba zai saya ba. Ina so ta tafi da ɗan haushina a aljihu, ya yi mata guzuri. Ta dube ni kawai ta ce, "Gwiwar ce?" Ta ɗauko mai.

Alhamis, da yamma

Na ba ta rabin burodina, na ce na ƙoshi. Ta mayar mini cikin aljihu ba tare da na gani ba. Yanzu na same shi.

Juma'a, 2 ga Afrilu, da tsakar rana

An yi ciniki.

Asabar, 3 ga Afrilu

Ba a rubutu ranar Asabar. Ga shi ina yi. Wanda ya ga laifi ya zo ya same ni, ya san inda nake.

Kwanon Merkada yana nan. Matan ɗakin ba su taɓa shi ba, ba su kuma yi mini magana ba, sai dai wata ta ɗora mini tsumma mai sanyi a baki.

Lahadi, 4 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta shi a jere, ko zai daina zagaya mini kai.

Ranar Juma'a, ƙarfe tara saura, na ce wa Merkada zan je babbar ƙofa in tambayi ko ana barin mutum ya tafi da keken ɗinki. Na san ba za ta bar ni in je ni kaɗai ba. Ta riƙe mini hannu saboda taɓo. Tiya Oro ta biyo mu don ba ta da abin yi.

Tun daga nesa muka ji ta. Fotini, wadda in ta yi tallar sardin a bakin ruwa ana ji a kan ganuwa. Tana dukan ƙofa da tafin hannu, tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗa takarda. Ɗan sandan Girka yana ƙoƙarin ture ta, wani Bajamushe mai gilashi ya fito daga ɗakin ƙofa da tafinta a bayansa, da kofin gahawa a hannu.

Ta hango mu. "Ga ta can! Katina! Katina 'yata! Ga tsohuwar mayyar da ta sace mini ita!"

Na ji hannun Merkada ya yi sanyi a cikin nawa. Na saki.

Aka jawo mu gaba. Bajamushen ya sa aka buɗe babban littafinsu. Tafinta ya karanta: Palomba, matar marigayi Mushon, da 'yarta Merkada. Ya nuna ta da haɓa. Ya ce, "Wannan ce?"

A gidanmu ko atishawa yaro ya yi sai an tofa sau uku. Ba a faɗin shekarun yaro a gaban baƙo. Ba a ambaton waccan kalmar kusa da sunan mai rai, ko da wasa, ko a mafarki. Shekara ashirin da ɗaya ina kewaye ta kamar rijiya.

Na ce, "Merkada ta mutu."

Muryata ba ta yi rawa ba. Wannan ne ba zan yafe wa kaina ba.

Na ce zazzaɓi ne, a watan Janairu. Na ce ban kai rahoto ba don in ci gaba da karɓar burodinta. Na ce wannan 'yar aikina ce, 'yar mai kifi, na liƙa mata tauraron mamaciya don ta ɗaukar mini kilo ashirin na biyu, ni da gwiwa ba ta da kyau. Na ce ai ban yi zaton uwar za ta damu ba, suna da yawa irinsu. Har na murza yatsu, har na ɗan yi murmushin nan.

Da tafinta ya juya masa, Bajamushen ya yi dariya, ya waiwaya ya maimaita wa abokinsa. Mai saye ba ya sayen gaskiya, abin da ya fito gida yana nema yake saya. Shi tsohuwar Bayahudiya mai haɗama ya fito nema. Na naɗe masa ita.

Amma ya ce, wa ya shaida mutuwar?

Wannan ban shirya masa ba. Wallahi ban shirya ba. Ga mutanen layinmu tsaye, fiye da talatin, kowa ya san ta tun tana rarrafe. Babu wanda ya motsa.

Sai Tiya Oro, wadda na ɗauka hankalinta ya tafi Karakof ya bar ta, ta matso da takalmin sanyinta.

Ta ce, "Ni na yi mata wanka, ranka ya daɗe. Aikina ne. Yarinya mai tsabta, ba ta ba ni wahala ba."

Ya juya ga Merkada. Sunanki?

Ba ta dube shi ba. Ni take kallo. Ba zan rubuta kallon ba, ba ni da karatun da ya kai. Leɓenta ya haɗu, na ga harafin farko na abin da za ta ce, wanda take ce mini sau ɗari a yini. Na ga kuma idonta ya tafi kan Fotini, da bindigar da ke kafaɗar wanda yake tsaye a bayan Fotini. Ta gane inda na ajiye ta. Ƙofa ɗaya na bar mata.

Duk da haka leɓen bai buɗe ba, bai kuma saki ba. Sai na ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba tunda aka haife ta, wa zai daki abin da ya aro? Na mare ta, na kama tauraron na fizge. Bai fita ba. Ɗinkinta ne. Sai da na sa hannu biyu, rigar ta yage.

Na ce da Girkancina na kasuwa, "Faɗa masa sunanki, 'yar mai warin kifi, ki tafi ki ba ni wuri!"

Ɗan sandan ya ce mata a hankali, "Yi alamar gicciye, 'yata." Ta yi, daga dama zuwa hagu, yadda suke yi. A ƙarƙashin teburin Fotini ta yi wayo, ta gani sau dubu.

Ta ce, "Katina."

Abin da ya biyo baya nawa ne, ba shi da muhimmanci. Haƙora biyu, dama ɗayan yana girgiɗi. Ina ƙasa na hango ta tsakanin ƙafafunsu. Fotini ta damƙe ta a ƙeya kamar kyanwa da ɗanta, tana zaginta tana tura ta gaba, ba ta bar ta ta waiwaya ba. Ko ita ce ba ta so ba. Ban sani ba. Wannan ne nake ta juyawa.

Lahadi, da tsakar rana

Na je in yi wa Tiya Oro godiya. Ta ce, "Shekara arba'in ban taɓa ƙarya a kan gawa ba. Wannan ce kaɗai da ta tashi ta tafi da ƙafarta." Sannan ta tambaye ni ko akwai wanda zai yi mana mu wanka a can. Na ce mata ai dole akwai. Ta ce, "Palomba, ni ba mai saye ba ce, kada ki yi mini talla."

Muka zauna.

Lahadi, da yamma

Na je tsagar. Na san Fotini ba za ta zo ba, ni na ce kada ta zo, kada ta bar Merkada ta matso kusa da tasha ko da za ta ɗaure ta da igiya. Na je dai. Wata mata ta ba ni albasa biyu a kan matashin kai.

Merkada ba ta karya ba ranar nan. Na ce mata in mun dawo ma ci. Tafiyar kwana biyu, da yagaggiyar riga, a wannan iska.

Da na karɓi tayin farko, da na yi mata ƙunshi. Da na dafa ƙwai da ɓawon albasa na sa mata a aljihu. Da na ɗora hannu a kanta na sa mata albarka kamar kowace uwa, ta fita ta ƙofar gida. Abin da na ba ta ta tafi da shi shi ne shatin yatsu biyar.

Litinin, 5 ga Afrilu, da sassafe

Suna kiran rukuni. Namu na uku. Na shafa man da kaina, ban iya ba, ya zube.

An ce ana kwance kowane ƙunshi kafin a hau. Yanzu na tuna, ni mai wayo, cewa duk abin da na ɓoye wa mai gilashi ga shi nan na rubuta masa dalla-dalla, da sunan mai kifi, da gona, da gindin dutse. Murhu yana da sauran wuta, Tiya Oro tana ɗumama ruwa.

A littafinsu an ja mata layi. A takardar coci sunanta na wata ne. Mutum talatin sun ji daga bakina. In wani ya zo nemanta, mai hula ko mai fukafuki, babu ita a ko'ina, kuma haka nake so.

Saura nan kaɗai. Bari in rubuta sau ɗaya da kyakkyawan hannu, in kalla, sannan in jefa.

Merkada 'yata ce. Ni na haife ta, ranar Talata, ana ruwan sama. Tana da rai.